Sojin saman Kyuba: ƙarfi ne har yanzu, ko tsohon suna?

Auwalu Ɗan Boko:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana harkar soja. Ana cewa a shekarun 1980 babu ƙasar da ta kai Kyuba kayan yaƙin sama a duk yankin Latin Amurka, har da su Burazil da Meziko. Abin ya ɗaure min kai. Tsibiri ne mai mutum miliyan goma da 'yan kai, abin sayarwarsa sukari da taba, ga takunkumin Amurka a wuya. A ina suka samo kuɗin jiragen yaƙi na MiG? Kuma yau me ya rage musu?

Kwamared Na-Talakawa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba "ana cewa" ba ne, haka abin yake. Zuwa 1990 jiragensu sun haura 200, akwai MiG-21, akwai MiG-23, ga MiG-29 da suka fara isowa a ƙarshen 1989, ban da jirage masu saukar ungulu na Mi-8 da Mi-17 da Mi-24. Amma kafin ka tambayi kuɗi, tambayi zuciya.

Ranar 15 ga Afrilu 1961 jiragen B-26 guda takwas, waɗanda CIA ta shafa wa fentin sojin Kyuba don a ce bore ne na cikin gida, suka yi ruwan bama-bamai a filayen jirgi uku: San Antonio de los Baños, da Ciudad Libertad a Habana, da Santiago. Nufinsu a kashe rundunar a ƙasa kafin 'yan mamaya, wato 'yan gudun hijirar Kyuba da CIA ta horar, su sauka. Fidel Castro ya riga ya sa an warwatsa jirage masu lafiya, an bar matattun a fili. Abin da ya tsira 'yan ƙalilan ne, T-33 da Sea Fury da B-26, duk gadon hamɓararren shugaba Batista, ƙirar Amurka da Ingila. Ko MiG ɗaya babu a lokacin. Ranar 17 ga wata waɗannan 'yan tsirarun suka kassara jirgin ruwan 'yan mamaya mai suna Houston, suka tarwatsa wani mai suna Río Escondido da ke ɗauke da harsasai da mai. Sauran jiragen ruwan suka ja da baya, aka bar mutum kusan 1,400 a bakin teku ba kayan ɗauki. Kwana uku aka gama da su. Wannan ita ce rundunar da kake tambaya a kai.

Abban Sadiq:
Kwamared an fara wa'azi ke nan. Yaron nan kuɗi ya tambaya, ka ba shi zuciya. Da zuciya ake sayen MiG-23?

Malama Binta:
Auwalu, amsar tambayarka ta farko gajeriya ce: ba su saya ba. Tarayyar Sobiyet ce ta ba su, galibin makaman kyauta. Sannan tana sayen sukarinsu da farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, tana ba su mai da rahusa, musamman bayan sun shiga ƙungiyar tattalin arziƙin ƙasashen gurguzu a 1972. MiG-15 na farko sun iso ne a 1961, 'yan makonni bayan mamayar da Kwamared ya ba da labari. MiG-21 kuwa da matuƙan Sobiyet suka zo a 1962, lokacin rikicin makamai masu linzami, daga baya aka bar wa Kyubawa. Har jirgin leƙen asirin U-2 da aka harbo ranar 27 ga Oktoba 1962, wanda Manjo Rudolf Anderson ya mutu a ciki, sojojin Sobiyet ne suka harba makamin S-75 ɗin, ba 'yan Kyuba ba.

Mosko ba don Allah ta yi ba. Tsibirin yana da nisan kilomita 150 kacal daga Key West ta jihar Fulorida. Duk wanda ke da aboki a nan ya zauna a ƙofar gidan Amurka.

Baba Mai Sifana:
Barkanku da hira. Na ga an taɓo fannina, don ni a gindin jirage na tsufa, da bakin mai a farce. Bari in yi wa Auwalu bayanin tsarin, tunda ba wanda ya taɓa shi.

Sunan rundunar a taƙaice DAAFAR. Abin lura shi ne sun haɗa abu biyu a ƙarƙashin kwamanda ɗaya: jiragen yaƙi, da masu tsaron sararin sama daga ƙasa, wato makamai masu linzami da bindigogin kakkaɓo jirgi da na'urorin rada. Tsibirin dogo ne siriri, ya kai kilomita 1,200 daga wannan kai zuwa wancan, sai suka yanka shi shiyya uku daidai da yadda sojin ƙasa suke. Shiyyar yamma tana San Antonio de los Baños, kudu da Habana, ita ce babbar yaya domin ita ke gadin babban birni. Ta tsakiya tana Santa Clara. Ta gabas tana Holguín, ita ke sa ido a ɓangaren da sansanin Amurka na Guantánamo yake. Kowace shiyya da birged ɗinta na jirage, kuma kowane birged an raɗa masa sunan wani fagen juyin juya hali: Playa Girón, da Yaƙin Santa Clara, da Barikin Moncada. Duka suna amsa wa ma'aikatar soja, wadda Raúl Castro ya riƙe daga 1959 har 2008.

Yanzu ga abin da ba a gani a hoto. Tsarin Sobiyet ba ya sakar wa matuƙi mara. Mai zama gaban rada a ƙasa shi ne idonsa: tashi yanzu, juya dama, hau sama, ga shi nan gabanka, harba, dawo gida. MiG-21 don haka aka ƙera shi, ya tashi da sauri, ya cimma mai kutse, ya sauko kafin mai ya ƙare, domin tankinsa ƙarami ne. Idan rada tana aiki, tsari ne mai kyau ga ƙasar da ke tsaron gida. Ranar da aka makantar da radar, matuƙin ya zama maraya a sama.

Auwalu Ɗan Boko:
Allah ya ƙara girma Baba. To matuƙan fa, a ina suke koyo?

Baba Mai Sifana:
Na farkon an tura su Sobiyet da Chekoslobakiya da Sin. Daga baya suna fara koyo a gida, a ƙarasa a Sobiyet. Jirgin koyonsu L-39 ne ƙirar Chekoslobakiya, irin wanda ake horar da namu matuƙan da shi a Kano. Duk wanda ya zauna kusa da filin jirgin Malam Aminu ya san ƙararsa.

Kwamared Na-Talakawa:
Kuma ku rubuta wannan ku ajiye: baƙar fata na farko da ya je sararin samaniya matuƙin wannan rundunar ne. Arnaldo Tamayo Méndez, maraya daga lardin Guantánamo, yaron da ya yi sana'ar goge takalma. A Satumba 1980 ya tashi cikin kumbon Soyuz 38. Amurka sai a 1983 ta tura nata baƙar fatar.

Abban Sadiq:
A kumbon wa? Na Sobiyet. Jirgin Sobiyet, man Sobiyet, kumbon Sobiyet. Kayan aro ba ya rufe katara, Kwamared.

Kwamared Na-Talakawa:
To a Angola ma aron jini suka yi? Lokacin da sojojin mulkin wariyar launin fata suka nufo Luwanda a 1975, wa ya zo? A Nuwamba na shekarar Kyuba ta fara kwasar sojoji da tsofaffin jiragen fasinja samfurin Bristol Britannia, suna yada zango a Barbados da Gini Bisau da Burazabil, ba tare da sun jira izinin Mosko ba. Mu ma nan Janar Murtala ya amince da gwamnatin jam'iyyar MPLA ta Angola a watan, ya je Addis Ababa a Janairu 1976 ya faɗa wa Amurka gaskiya a gaban shugabannin Afirka. Sama da 'yan Kyuba 300,000 suka yi aiki a Angola cikin shekara 16, sama da 2,000 suka mutu. Matuƙansu sun yi yaƙin Ogaden a Habasha a 1977 zuwa 1978. A yaƙin Cuito Cuanavale na kudancin Angola kuwa MiG-23 ɗinsu ne suka ƙwace sama daga hannun Afirka ta Kudu. Ranar 27 ga Satumba 1987 Alberto Ley Rivas ya harbi jirgin Mirage F1 na Kyaftin Arthur Piercy ɗan Afirka ta Kudu. Ranar 27 ga Yuni 1988 suka kai hari madatsar ruwan Calueque, sojojin Afirka ta Kudu 12 suka mutu. Wata shida bayan nan aka sa hannu a yarjejeniyar New York, Namibiya ta samu 'yanci a Maris 1990. Mandela da ƙafarsa ya je Kyuba a 1991 ya yi godiya. Wace ƙaramar ƙasa ce ta taɓa kai rundunar sama ƙetaren teku haka?

Abban Sadiq:
Ban raina zuwansu Angola ba, kuma ina girmama waɗanda suka mutu. Amma a faɗi labarin duka. Kafin Piercy, matuƙin Afirka ta Kudu Johan Rankin ya harbi MiG-21 sau biyu, a 1981 da 1982. Shi Piercy ɗin ma ba a sama jirginsa ya tarwatse ba, ya lallaɓa da shi har Rundu, wajen sauka ne ya zarce titi, shi kuma ya samu shanyewar ƙafafu. A kogin Lomba, Oktoba 1987, an ragargaza birged na 47 na sojin Angola duk da MiG ɗin da ke yawo a sama. Tun da Amurka ta ba madugun 'yan tawayen Angola Savimbi makamin kakkaɓo jirgi na Stinger a 1986, dole MiG suka riƙa sakin bam daga can ƙololuwa, yawanci a daji yake faɗawa. Igwar G5 ta Afirka ta Kudu ta hana amfani da filin jirgin Cuito ɗin kansa. MiG ɗin sun yi wata da watanni suna neman igwogin nan daga sama ba su iya kashe su ba. Wannan ne ƙwace sama?

Baba Mai Sifana:
Ku biyun kowa ya riƙe rabin gaskiya. Ku ɗauko taswira.

MiG suna tashi daga Menongue, ƙasa da kilomita 200 zuwa fagen fama, 'yan mintuna sun iso. Mirage kuwa daga arewacin Namibiya suke tasowa, Rundu da Grootfontein, suna bin ƙasa-ƙasa don kauce wa rada, wanda hakan ke shan mai ba kaɗan ba. Kafin su iso, abin da ya rage musu na zama a wurin bai taka kara ya karya ba. Na biyu, makamin MiG-23 yana iya kama jirgi gaba da gaba, na Mirage a lokacin sai ya zagayo ta bayanka ya ga zafin injinka. Na uku, kuma shi ne babba: tun 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa Afirka ta Kudu takunkumin makamai. Mirage ɗaya ya faɗi, ba mai sayar musu da wani. MiG ya faɗi, jirgin ruwan Sobiyet na kan hanya da sabo. Don haka janarorin Pretoria suka daina kasadar jiragensu. Ba sai ka harbo jirage ashirin ba ne ka mallaki sama. Idan abokin gaba ya koma tafiyar dare, yana ɓuya ƙarƙashin itatuwa da rana, motar abincinsa ba ta motsi sai duhu ya yi, ai ka samu abin da kake so.

Abin da ya fi burge ni ma ba harbin ba ne. A 1988 da 'yan Kyuba suka gangara kudu maso yammacin Angola, sai suka gina filin jirgi a Cahama cikin 'yan watanni, suka jawo rada da makamai masu linzami tare da su. Daga nan sansanonin Afirka ta Kudu da ke cikin Namibiya suka shigo inda MiG-23 zai iya kaiwa. Aikin injiniyoyi da direbobin tifa ne, amma shi ya sa maganar sulhu ta yi nauyi.

Sai dai Abban Sadiq, maganarka ta aro tana nan daram. Dalilin da ya ba su galaba a Angola shi ne dai ya kayar da su bayan shekara uku.

Ɗan Damagaram:
Barkanku da warhaka. Ina biye da ku daga nan Zinder. Baba, wannan na ƙarshen nake son a buɗe. Jirgi ai ƙarfe ne. In Sobiyet ta rushe a 1991, jiragen da ta bayar ba su rushe da ita ba. Me ya hana su ci gaba da tashi?

Baba Mai Sifana:
Ɗana, da ƙarfe ne kawai da mun huta. Jirgin yaƙi ko yana ajiye tsufa yake. Injin yana da adadin awoyin da zai yi a sauke shi a kai garambawul, kuma masana'antar garambawul ɗin tana Sobiyet. Robobin da ke riƙe mai da ruwan birki suna bushewa su tsage. Tayoyi suna da adadin sauka. Harsashin da ke cilla kujerar matuƙi idan jirgi zai faɗi yana da ranar lalacewa, haka makamin da ke rataye a fiffike. Ga tsibiri, iskar teku mai gishiri tana cin jikin jirgi da wayoyinsa dare da rana. Idan kayan gyara suka yanke, abin da bakanike ke yi ɗaya ne ko'ina a duniya: ya kwance na wannan ya ɗaura wa wancan. Jirgi goma su koma shida, shida su koma uku, sauran suna jere a fili gwanin sha'awa, mai ƙirga daga tauraron ɗan'adam yana rubuta goma.

Sannan mai. Tsakanin 1989 da 1993 tattalin arziƙin Kyuba ya faɗi da kusan kashi 35 cikin ɗari. Ƙasar da ta koma noma da shanu, ta shigo da kekuna daga Sin don mutane su je aiki, ina ta ga man da MiG-23 zai ƙona? Ma'aunin NATO shi ne matuƙin yaƙi ya yi awa 180 a sama duk shekara. Wanda ke samun kwata ko sulusin haka, tashi da sauka kawai yake riƙewa, ba yaƙi ba. Tsofaffin da suka yi Angola suka yi ritaya, na bayansu ba su samu awoyin da za su gaje su ba. Wannan asarar ta fi ta jiragen, don jirgi a wata shida an sayo, matuƙi ƙwararre sai shekara goma.

Malama Binta:
Mu ma ba baƙin wannan labarin ba ne. MiG-21 da Najeriya ta fara karɓa a 1975 da Jaguar na Ingila da aka sayo a shekarun 1980 duk a ƙasa suka ƙare.

Game da adadi, a 1998 hukumar leƙen asirin sojin Amurka ta fitar da rahoto cewa MiG ɗin Kyuba masu iya tashi ba su kai 24 ba, kuma ƙasar ba wata barazanar soja ba ce ga Amurka. Cibiyar IISS ta Landan ta daɗe tana ƙiyasta ma'aikatan rundunar a wajen 8,000, jirage masu aiki 'yan gomomi, sama da ɗari kuma a ajiye. Abin dariyar shi ne, cikin waɗanda suka yi aikin rahoton na 1998 akwai Ana Montes, babbar mai nazarin Kyuba a hukumar, wadda aka kama a Satumba 2001 aka gano shekara da shekaru Habana take yi wa aiki. Sai a Janairu 2023 ta fito daga kurkuku. 'Yan adawar Castro a Miami suka ce ai ga shi nan, da gangan aka rage ƙarfin Kyuba a takarda. Amma abin da ya biyo baya bai ƙaryata rahoton ba.

Abban Sadiq:
Ai Panama ta gama tona asirin. Yuli 2013 aka tare jirgin ruwan Koriya ta Arewa mai suna Chong Chon Gang zai ratsa mashigin. Aka ɗaga buhunan sukari tan 10,000, sai ga MiG-21 guda biyu a ƙasa, da injinan MiG guda 15, da kayan makamai masu linzami na kakkaɓo jirgi. Gwamnatin Kyuba da bakinta ta ce tsofaffin makamai ne tan 240 za a kai gyara a dawo da su. Rundunar da sai ta ɓoye injinta a ƙarƙashin sukari ta kai wa Koriya ta Arewa gyara, Kwamared, ita ce kake kira mai ƙarfi?

Kwamared Na-Talakawa:
Wa ya jawo? Ka shaƙe mutum shekara sittin sannan ka yi masa dariya don yana haki. Ina za su kai gyaran, Miami?

Auwalu Ɗan Boko:
Ni fa wani labari na ji, ban sani ba ko ƙari aka yi. Wai wani matuƙinsu ya gudu da MiG zuwa Amurka, ya kuma dawo ya sace iyalinsa?

Malama Binta:
Ba ƙari. Manjo Orestes Lorenzo ne. Maris 1991 ya tashi da MiG-23 ya sauka a sansanin sojin ruwan Amurka da ke Key West. Aka hana matarsa da 'ya'yansa biyu fita. Disamba 1992 ya samu tsohon ƙaramin jirgi samfurin Cessna mai inji biyu, ya ratso teku dab da ruwa, ya sauka a kan titin mota kusa da Varadero, suka shige, ya juya. Ya san inda radar take da lokacin da makami ke buƙata kafin ya kama shi, don aikinsa ne. Kafin shi, a Mayu 1987, Birgediya Janar Rafael del Pino, ɗaya daga cikin jaruman 1961 da Kwamared ya yaba, ya tsere da iyalinsa a ƙaramin jirgi. Tun a Oktoba 1969 ma wani ya kai MiG-17 sansanin Homestead da ke Fulorida, ya tarar da jirgin shugaban Amurka a ajiye a filin. Kunyar ta shafi kowa, don su ma Amurkawan ba su farga da wuri ba.

Abban Sadiq:
Tunda Malama ta kawo Cessna, a faɗi ɗayar. Ranar 24 ga Fabrairu 1996 MiG-29 na Kyuba ya harbo ƙananan jirage biyu na ƙungiyar 'yan gudun hijira ta Brothers to the Rescue, mutum huɗu suka mutu, ba ko wuƙa a jiragen. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta bincika ta ce a sararin ƙasa da ƙasa aka harbe su. A Mayu 1980 kuma MiG-21 suka nutsar da jirgin sintirin Bahamas mai suna Flamingo don ya kama masuntan Kyuba, sojojin ruwa huɗu suka mutu, daga baya Habana ta ba da haƙuri ta biya diyya. Jirgin da ya fi kowane tsada a rundunar, abin da tarihi ya rubuta masa shi ne harbin Cessna. Kuma me ya jawo wa talakan Kyuba? Shugaba Clinton da ke jan ƙafa ya sa hannu a dokar Helms-Burton a watan Maris, takunkumi ya zama doka.

Kwamared Na-Talakawa:
Ka manta ka ce shugaban ƙungiyar, José Basulto, ya ratsa saman Habana a Yuli 1995, kuma a Janairu 1996 takardunsu na tunzura jama'a suka zubo a birnin. Kyuba ta yi ta kai ƙara Washington ba a hana su ba. Ka manta da jirgin fasinjan Cubana da aka sa wa bam a Oktoba 1976 bayan ya tashi daga Barbados, mutum 73, har da matasa 'yan wasan takobi. Luis Posada Carriles da ake zargi da kitsa shi a Miami ya mutu yana yawonsa. Ku 'yan barandan jari-hujja ba ku ganin wannan jinin.

Abban Sadiq:
Wa kake kira ɗan baranda? Jinin Barbados ba ya halatta jinin Cessna. Ni duka biyun na ce zalunci ne, kai ne ka kasa faɗin ɗaya.

Shugaban Zaure:
Kwamared, a janye kalmar nan don Allah. Abban Sadiq, a yi haƙuri. Jirage muke tattaunawa.

Kwamared Na-Talakawa:
Na janye, ranka ya daɗe. Amma maganata tana nan.

Ɗan Damagaram:
To in jiragen sun mutu haka, me ya hana Amurka shiga tun 1992?

Malama Binta:
Domin tun kafin Sobiyet ta faɗi, Kyubawa sun daina dogara da jirage wajen tsaron gida. A farkon shekarun 1980, Reagan na mulki, Mosko ta shaida wa Raúl Castro a asirce cewa idan Amurka ta kawo hari ba za ta shigo yaƙin ba. Shi ya bayyana haka da kansa bayan shekaru. Daga nan suka rungumi abin da suke kira yaƙin dukan jama'a: mayaƙan sa-kai a kowace unguwa, ramuka da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa a duwatsu da birane, makamai a rarrabe, da babban atisayen Bastión da suke yi lokaci-lokaci. Lissafin shi ne sama za ta tafi a kwanakin farko, wannan ba makawa, amma duk wanda ya sauko ƙasa zai biya da tsada. Abin da ya sami jiragen Saddam a 1991 ya ƙara tabbatar musu. Ko MiG 200 ɗin suna da lafiya, ba za su yi mako guda a gaban abin da ke Fulorida kaɗai ba.

Baba Mai Sifana:
Shi ya sa ɗan abin da suke da shi suka zuba a ƙasa. Wanda ya kalli faretinsu zai ga sun ɗauki makaman S-75 da S-125, waɗanda asali a kafe suke wuri ɗaya, sun ɗora su kan gangar jikin tankar T-55. A harba, a bar wurin kafin martani ya iso. Ni a matsayina na bakanike na cire musu hula a nan. Makami ne na shekarun 1950 da 1960, amma irinsa S-125 ne Sabiyawa suka harbo F-117 da shi a 1999, jirgin da aka ce rada ba ta ganinsa.

Aikin yau da kullum kuwa na masu saukar ungulu ne da jiragen dako irin An-26: kwashe mutane lokacin guguwa, da zuba ruwa a gobarar tankunan mai ta Matanzas a Agusta 2022. Wasu jiragen sojan ma an mayar da su kamfanin Aerogaviota, suna jigilar 'yan yawon buɗe ido suna kawo dala.

Abban Sadiq:
Wato daga farautar Mirage an koma dakon Turawa zuwa bakin ruwa.

Kwamared Na-Talakawa:
Soja ne ya ciyar da kansa maimakon ya cinye kasafin asibiti. A wajena ba abin kunya ba ne.

Abban Sadiq:
Ciyar da kansa? Kamfanin GAESA na soja ya mamaye otal-otal da shagunan dala da tashar jiragen ruwa ta Mariel, ba mai binciken littafinsa. Wannan wata muhawarar ce, a buɗe mata nata zaren, zan zo.

Auwalu Ɗan Boko:
Kafin ku tafi can. Sauran ƙasashen gurguzu fa, duk haka suka ƙare? Biyetnam ma ai MiG-21 take da shi.

Malama Binta:
Biyetnam ta buɗe kasuwarta tun 1986, ta samu kuɗi, ta sayi Su-27 da Su-30 daga Rasha da kuɗinta, ta yi wa MiG-21 ritaya. Laos, wadda ba ta kai Kyuba yawan jama'a ba, ta ajiye nata MiG-21 ɗin ta karɓi 'yan Yak-130 kaɗan. Koriya ta Arewa ta riƙe tsofaffin, ta zuba dukiyarta a nukiliya. Kyuba kuwa Rasha ta yafe mata kashi 90 cikin ɗari na bashin zamanin Sobiyet a 2014, amma yafe bashi daban, ba da sabon jirgi daban. Tun MiG-29 ɗin nan na ƙarshen zamanin Sobiyet, kimanin dozin guda, ba wani sabon jirgin faɗa da ya shigo.

Ɗan Damagaram:
Baba, a ce yau an ba ka rundunar nan da kuɗi kaɗan. Me za ka fara saya?

Baba Mai Sifana:
Ba MiG ba dai. Rada tukuna, sabuwa, mai tafiya a mota. Sai kayan gyaran Mi-17, don su ne ke aiki kullum kuma kayansu na samuwa a kasuwa. Sai in tayar da L-39 ko guda takwas ne, in saya musu man shekara, yara su riƙa tashi. MiG-23 kuwa in zaɓi biyu masu kyan jiki in wanke in kai gidan tarihi, sauran a sayar da ƙarfen. Gyaransa azaba ne, fiffikensa mai motsi kaɗai ya ishi bakanike hawan jini.

Kwamared Na-Talakawa:
Haba Baba, jirgin Calueque za ka sayar wa 'yan gwangwan?

Baba Mai Sifana:
Na ce a bar biyu, Kwamared. Kai za ka biya kuɗin man na ukun?